Tashmurad da Tsohon Mashigin Ruwa

A ƙauyen Chahartut, tafiyar rabin sa'a a kan jaki daga tsohuwar ganuwar Balkh, babu wanda ya san ƙasa kamar Tashmurad, wanda ake kira Usta, wato gwani. Ba manomi ba ne, ko da yake mahaifinsa ya bar masa 'yar gonar kankana. Shekara goma sha tara ya yi yana aikin tonon nakiyoyin da yaƙi ya binne, a durƙushe, da tsinken ƙarfe a hannu, yana bin ƙasa taƙi bayan taƙi. Aikin ya cinye masa yatsu biyu na hagu da jin kunne ɗaya. Da ƙungiyar da ta ɗauke su ta tattara nata ya nata, sai ya roƙi a bar masa wata tsohuwar na'urar gano ƙarfe da aka riga aka daina aiki da ita, wadda aka ɗaure ƙotarta da roba. Aka bar masa.

Tun yana aiki ya lura na'urar ba ta bambanta komai. Takan yi kuka a kan ƙusa, da kwanson harsashi, da murfin gwangwani, wani lokaci kuma a kan wani ɗan kwabo da tsufa ya mayar kore. Abokan aikinsa jefarwa suke yi, shi kuwa ya sa a aljihu. Wata rana ya kai guda uku wurin wani mai sayar da kayan tarihi a birnin Mazar. Mutumin ya goge ɗaya da yawu, ya nuna masa kan wani sarki mai dogon hanci, ya ce ya fi shekara dubu biyu a ƙasa. Daga ranar Tashmurad ya sami sana'a.

Wasu ma sun sayi na'ura, amma sai su nufi manyan tuddai, waɗanda aka riga aka huhhuda kamar rariya. Tashmurad bai taɓa hawa can ba. Shi yana neman inda mutanen da suke tsayawa su sa hannu a aljihu ne: bakin rijiyar da ta rufta, zangon da ayari ke sauke kaya, mashigin ruwa, wajen ƙofar gari inda kasuwa kan ci. Yakan fita bayan ruwan farko na bazara, in garma ta juya ƙasa. Yakan duba inda ƙasa ta yi launin toka, da inda tsingaro mai shuɗin fenti ya yi yawa, da inda alkama ta tsumbure ta yi rawaya a miƙe kamar an ja zare, alamar akwai bango a ƙarƙashi. Yakan zauna da tsofaffi ya tambayi sunayen gonaki. In aka ce ana kiran wani fako Kasuwar Raƙuma, alhali ko akuya ba a sayarwa a wurin, to gobe da sassafe yana can.

Aibinsa ɗaya ne, kowa kuma ya san shi: ba ya faɗin inda ya samu. Matarsa Oyjamal ma sai dai ta ga kalar taɓon takalminsa ta yi hasashe.

Amininsa shi ne Sangin. Shekara goma sha ɗaya suka yi a layi ɗaya wajen tonon nakiya, Sangin ne ma ya jawo Tashmurad ranar da ya rasa yatsunsa. Ƙato ne mai surutu, mai 'ya'ya mata biyar, yana gyaran keke a bakin hanya. Da ya ga abokinsa na samu, sai ya sayar da maraƙinsa ya sayo wata na'ura mai araha, mai sheƙi kamar kayan wasa. Wata huɗu yana yawo da ita, bai tono komai ba sai takalmin doki da cokali.

Wata Laraba, bayan bikin Nauruz na sabuwar shekara da kwana ashirin, suka haɗu a wurin mai shayi. Sangin ya zauna ta ɓangaren kunnen Tashmurad da ke ji, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kai kurma, wai sai ka mutu da wuraren nan a cikinka? Za a binne ka, mu zo da na'ura mu bi ta kanka, mu ji ko za ka yi kuka."

Mutane suka fashe da dariya. Tashmurad ya kurɓi koren shayinsa, ya ce, "Wannan abin wasan naka ko tukunya ka binne da hannunka ba zai gano ba."

"To, gaya mini wuri ɗaya. Ɗaya tak. Ni fa na goya ka a bayana kana zubar da jini kamar rago. Rigata ta ranar har yau ba ta wanku ba."

"Rigar da ma ba ta taɓa ganin sabulu ba."

"Ka ji marowaci! Ɗan'uwa, don Allah."

A makon nan Tashmurad ya gano wani ɗan tudu a bayan wani tsohon hubbare, inda sulallan azurfa ke fitowa ɗaya bayan ɗaya, irin samun da bai taɓa yi ba. Maganar ta zo masa har baki. Sai ya dubi kunnuwan da ke kewaye da su, ya tuna bakin Sangin ba ya riƙe komai. Ya jawo shi kusa, ya yi masa raɗa: tsohon mashigin da ke ƙasa da injin niƙa na ruwa, ta bakin gaɓar yamma.

Ya san wurin sarai. Shekara biyu da suka wuce ya tsince shi tas, bai bar komai ba sai ƙusoshi. A ransa ya ce bari ƙaton ya wuni yana tonon ƙusa, a yi masa dariya, in ya so daga baya ya kai shi wurin gaske. Daga baya, da yake ta juya abin, bai taɓa iya rantsewa cewa da gaske zai kai shi ba.

Abin da bai tuna ba shi ne ambaliya. Kwana goma kafin nan ruwa ya gangaro daga duwatsu, ya cika kogin har ya tumbatsa, ya shimfiɗa sabon taɓo a gaɓa. Shi da bakinsa ya sha koya wa sababbin ma'aikata cewa ruwa na ɗauko nakiya daga inda aka binne ta ya kai ta inda ba a zata ba, musamman ƙananan nan na roba, waɗanda ƙarfen cikinsu bai fi ƙwayar shinkafa ba.

Washegari da hantsi yana bayan hubbaren, a tsugune, ya ji ƙarar. Ba babba ba ce. Ya san irinta, ya kuma san daga inda ta fito. Ya saɓi na'urarsa ya ruga ta cikin gonakin mutane.

Ya tarar da mai niƙa a kan gaɓa yana ta salati, ya tare mutane kada su sauka. Sangin na kwance can ƙasa cikin taɓo, kamar taku ashirin. Ƙafarsa ta dama babu daga gwiwa, ya riga ya ɗaure cinyar da rawaninsa. Tashmurad ya yi kamar zai diro, sai muryar Sangin ta tsayar da shi.

"Tsaya nan, kurma! Ka manta aikin ne? In akwai ɗaya, akwai biyu. Durƙusa."

Ya durƙusa. Ya kunna na'ura, ya zaro tsinkensa, ya fara bin taɓon. Taku ashirin ɗin nan sun ci masa kusan minti arba'in, Sangin kuwa bai yi shiru ba, sai dai muryar na ƙara yin ƙasa.

"A hankali. Ka tsallake gefen hagu, koma. Haka ka koya wa mutane?"

Da ya iso, ya tallafo kansa, Sangin ya buɗe tafin hannunsa ya nuna masa ƙusoshi masu tsatsa.

"Goma sha huɗu na tono tun safe. Wasa ka yi mini, ko?"

Tashmurad ya ce, "Wasa na yi maka."

"Na sani tun a ta biyar. Ɗan banza." Ya yi ƙoƙarin dariya, ta ƙi fita. "Bari in warke. Sai na rama."

Ya goya shi ta layin da ya share, aka sa su a bayan wata motar ɗaukar kaya. Ba su kai ƙofar Mazar ba Sangin ya cika, kansa a kan cinyar Tashmurad.

Ba wanda ya ji raɗar da aka yi a wurin mai shayi, ba kuma wanda ya ji maganar cikin taɓo. Mutane yabonsa ma suka yi ta yi, wai ya shiga inda kowa ya ji tsoro. Yabon ya fi masa zagi ciwo. Ya daina cin abinci sosai, ya bar na'urar a jingine. Oyjamal ta zuba masa ido har aka yi sadakar arba'in, sannan ta ce, "Usta, ba mutuwar kaɗai ke cin ka ba. Ka faɗa mini." Ya faɗa mata. Ta tashi ta ɗauko mayafinta.

Tare suka je gidan mamacin. Oyjamal ta shiga, shi ya tsaya a bayan labule, ya gaya wa Bibi Mahtab, matar Sangin, komai yadda ya faru, bai rage ba. Ya turo ƙullin azurfar da ya tono a bayan hubbare ta ƙarƙashin labulen.

Can sai ya ji muryarta, ba kuka a ciki. "Ranar ko shayi bai tsaya sha ba. Cewa ya yi, yau ɗan'uwana ya buɗe mini ƙofa." Sannan ta ce, "Zan karɓa, Usta, don ina da 'ya'ya biyar, ba ni da halin yin zuciya. Amma kada ka ƙara taka gidan nan."

Bai ƙara ba. In hanya za ta bi da shi ta ƙofar, sai ya zaga ta bayan masallaci.

Bai sake tonon kwabo ba. Ya koma wurin mai shayi ya zauna, duk wanda ya tambaye shi wuri sai ya gaya masa, dalla-dalla, har da zane a ƙasa. Cikin mako guda aka mayar da tudun bayan hubbare ramuka. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada kowa ya kusanci gaɓar ruwa bayan ambaliya sai shi ya riga ya bi. Kowace bazara, da ruwa ya janye, sai a gan shi da na'ura da gwangwanin jan fenti, yana bin gaɓa daga injin niƙa har gadar ƙauyen gaba. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ke biyansa. Shekara tara yana haka. Ya gano nakiya bakwai, ya kewaye kowacce da jajayen duwatsu, ya aika a kira masu fasawa. Gwiwoyinsa suka lalace, har ya zama sai an taimaka masa yake miƙewa daga sallah.

A shekara ta tara, da kaka, aka aurar da autar Sangin. Duk ƙauyen aka gayyata ban da gidansa. Ya wuni a gonar kankana don kada ya ji kiɗan. Da ya dawo da la'asar, ya tarar da faranti a rufe a tsakar ɗaki: shinkafar biki ce, da karas da zabibi, da tsokar nama babba a sama.

"Wa ya kawo?"

Oyjamal ta ce, "Babbar 'yar Sangin. Ta ce uwarta ce ta zuba da hannunta."

"Ta ce wani abu?"

"Ba ta ce komai ba. A dai mayar da farantin."

Ya wanke hannu ya zauna. Ya kai loma biyu, sai ya kifa kansa a gwiwa. Oyjamal ta fita ta ba shi wuri. Da ta dawo ta tarar ya cinye tas.

Da sanyi ya shigo, ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Kwana goma sha biyu ya yi, ya rasu ranar wata Litinin da azahar, yana da shekara sittin da shida. Dusar ƙanƙara ta daskarar da maƙabarta, sai da aka hura wuta a kan ƙasar kafin diga ta iya shiga.