Libarba Uku a Ƙarƙashin Keken Ɗinki

Wata Laraba cikin watan Shawwal na shekarar 1963 aka tashe mu daga makarantar allo tun kafin azahar, saboda malamarmu tana fama da zazzaɓi. Ina da shekara tara a lokacin. Na hau dutsen Nakkasa, unguwarmu a Makka, da gudu, allona a hammata, ƙasa tana ƙona min tafin ƙafa, na tura ƙofar ɗakinmu na kwano da kafaɗa kamar yadda na saba. Ƙofar ta ƙi buɗuwa sai da na ƙara ƙarfi, ashe an tokare ta da turmi. Baba yana zaune a tabarma, ya shimfiɗa tsohon zanen Inna a gabansa, a kan zanen kuwa ga ƙananan bindigogi uku a jere, irin masu ganga mai juyawa da ake kira libarba. Kusa da gwiwarsa ga kwalbar man keken ɗinki da tsumma, ga harsasai a cikin faranti kamar an zuba dabino. Ya dube ni ya daɗe, bai yi yunƙurin rufe komai ba. Sannan ya ce, "Mayar da turmin, Dije, ki zauna. Tunda kin gani, gara ki ji daga bakina."

A ranar na san cewa ba ni ce 'yar fari ba. Iyayena sun taso daga wani ƙauye a ƙasar Kano a ƙafa, da ɗansu Hamisu a goye. Sun yi shekaru a hanya, suna tsayawa tsintar auduga a Sudan su tara guzuri su ƙara gaba, har yaron ya kai shekara bakwai. A bakin teku suka haɗu da wani mai suna Tanko, Bahaushe ɗan'uwansu, wanda sana'arsa ita ce tsallakar da matafiya marasa takarda a jirgin katako. Ya sauke su a wata gaɓa da babu kowa, ya ce Makka tafiyar kwanaki ce ta cikin rairayi, ya samo raƙumi ya yi musu jagora. A rana ta uku ƙafafun Hamisu suka kumbura, ruwa ya kusa ƙarewa. Tanko ya ce a ba shi yaron ya ɗora shi a raƙumi su riga kowa isa rijiya. Inna da hannunta ta ɗaura masa ragowar ƙuli-ƙuli a bakin riga, Baba da hannunsa ya ɗaga shi ya miƙa. Da suka isa rijiyar, sawun raƙumi kaɗai suka tarar, ya nufi wajen duwatsu. Daga baya mutane suka gaya musu abin da kowa a hanyar ya sani, cewa ana sayar da 'ya'yan alhazai a kwaruruwan can.

Baba tela ne, Malam Ilu ake kiransa. Keken hannu gare shi, yana ɗinka wa alhazai ɗamarar da suke ɗaura wa a kan harami, da jakunkuna, da hulunan yara. Babu wanda zai kalli wannan siririn mutum mai tabarau ɗaure da zare ya ce akwai ƙarfe a jikinsa, amma tun daga shekarar da ya sami libarba ta farko bai ƙara fita ƙofar gida babu bindiga ba. Ya yi imani wata rana Tanko zai zo aikin hajji, domin a cewarsa irin waɗannan mutane idan sun tsufa tsoro yana koro su. Ta farkon wani Bayamane ne ya ba shi a madadin ɗinkin shekara guda. Doguwa ce, mai nauyi, ƙotarta ta katako ta tsage an ɗaure da waya. Baba ya ce ta fi sauran ƙarfi, sai dai ba ta ɓoyuwa, domin farar riga a Makka shara-shara ce, iska kaɗan za ta manna ta a jiki ta tona asiri. Saboda haka sai da sanyi yake ɗaukarta, lokacin da maza suke ɗora kwat a kan riga. Ta biyun guntuwa ce, tafin hannunsa yana rufe ta, ita ce ta kullum. Ta ukun baƙa ce, ya same ta wurin wani tsohon direba, kuma bai taɓa yarda da ita sosai ba, don ta taɓa ƙin tashi ranar da ya fita daji ya gwada su. Duk da haka yakan ɗauke ta kwana biyu a mako domin guntuwar ta huta. Zufar Makka gishiri ce zalla, ƙarfe in ya yi kwana biyar a jikin mutum sai tsatsa ta fara cin sa. "Wadda ta sha zufa sai ta sha mai," haka yake faɗi duk Laraba. Kowacce ya ɗinka mata aljihunta daban da ƙyallen tanti, a cikin ɗamarar da yake ɗaurawa ƙarƙashin riga, ragowar biyun kuma suna kwance a akwatin da keken yake zaune a kai.

Inna ba ta taɓa kallon akwatin nan ba, ko da tana shara sai ta zagaye shi. Ba mu da takardar zama, kuma ɗaukar makami a garin laifi ne da ba a tsayawa jin uzuri. Duk ranar da aka ce askarawa sun shigo unguwa suna bincike, sai ta ajiye muciya ta zo ta tsaya a kansa. Abin da take maimaita masa ɗaya ne: "Malam, na rasa ɗa, kada ka sa in rasa miji." Shi kuwa sai ya ci gaba da juya kekensa. Abu guda ya yi mata alkawari, cewa ba zai zubar da jini a cikin iyakar Harami ba, ko da mutumin ya zo ya zauna masa a tabarma.

Ni dai tun daga ranar Larabar nan na ɗauki maganar ta zama tawa. Rayuwarmu ta yara ba ta canza ba. Da safe mu sauka bazan, wurin famfon unguwa, mu yi layi da gwangwanaye, mu hau da su a kai ruwa yana zuba mana a wuya. Mu kora awaki su ci kwali da ɓawon kankana a bayan kasuwa. Bayan sallar layya iyayenmu mata su kwaso naman hadaya daga Mina, su yanyanka su shanya a kan duwatsu, mu kuma a ba mu sanda mu wuni muna korar shaho da kyanwa, unguwa duka tana warin nama har mako biyu. Da la'asar mu yi carafke da tsakuwa, mu yi gaɗa rabi da Hausa rabi da Larabci. Amma ni ina da wasan da ba na yi da kowa. Baba ya kwatanta min Tanko: gajere, mai siririyar murya, rabin kunnensa na hagu babu, wai jaki ne ya cije shi yana yaro. Na haɗa 'yartsana da ƙyallayen ɗinki, na yanke mata rabin kunne, na ɓoye ta a wani rami a bayan ɗaki. Duk ranar da na ga Inna ta zuba abinci kwano huɗu da mantuwa ta mayar da ɗaya tukunya, sai in je in fito da 'yartsanar in yi ta jifa har hannuna ya gaji. Ban taɓa ganin yayana ba, amma na tsani mutumin nan fiye da yadda na ƙaunaci kowa.

Bayan hajjin 1965 ina tallar kunun tsamiya a ƙofar wani gidan alhazai a unguwar Misfala, sai wani tsoho ya miƙo min kofi. Yana sanye da sabuwar riga da rawani, amma zafi ya sa ya ture rawanin baya. Na ga kunnen kafin in ga fuskar. Wani daga ciki ya kira shi, "Alhaji Tanko," ya amsa da wata 'yar murya kamar ta mace. Na zuba masa kunun har ya cika, na tsaya ya shanye, ya sa min albarka. Sannan na bar tukunyar a wurin na hau dutse.

Na gaya wa Baba abin da na gani. Ya ɗaga keken ya buɗe akwatin, ya tsaya yana kallonsu. Na ce masa ya ɗauki doguwar, ita ce mai ƙarfi. Ya girgiza kai ya ɗauki guntuwar, ya ce zafi ake yi, mai kwat a wannan wata shi askari zai fara tsayarwa. Kwana huɗu yana zama a gaban gidan yana yi wa alhazai ɗinkin jaka, har ya san ranar da motar su Tanko za ta tashi zuwa Jidda. Ranar ya ce in shirya mu tafi tare, domin mutum da 'yarsa ba a cika dubansa ba. Inna ta tsaya a bakin ƙofa ba ta hana ba, ta dai kama gefen mayafina ta daɗe ba ta sake ba.

Motar katako ce, mutum sama da talatin, duk 'yan gari ɗaya, har da babban ɗan Tanko. Muka wuce alamar iyakar Harami, na ji Baba ya sauke numfashi. A garin Bahra direba ya tsaya a yi azahar a sha shayi. Tanko ya ɗauki buta ya zagaya bayan katanga, Baba ya bi shi, ni kuma na bi Baba na tsaya a kusurwa. Tanko yana tsugune yana wanke ƙafa Baba ya durƙusa kusa da shi kamar mai jiran buta, ya manna masa bakin libarbar a haƙarƙari ta cikin riga. Ya ce, "Ni ne Ilu, uban yaron da ka ɗora a raƙumi." Butar ta faɗi, ruwan ya gangaro har ƙafata. Ina tsaye ina roƙon Allah a zuciyata ya sa Baba ya ja kunamar. Tsohon ya fara kuka, ya ce yaron yana raye, ya faɗi sunan kwarin da na gidan da ya kai shi, ya rantse da hajjin da ya gama yanzu. Baba ya sa ya maimaita sau uku, ya ce ni ma in haddace.

Bai harbe shi ba. Ya kama shi a hannu ya kawo shi gaban mutanen garinsu suna zaune a kan gadajen igiya da kofunan shayi, ya ce ya faɗa musu da bakinsa sana'ar da ta gina masa gida. Hannun Baba ɗaya yana cikin riga, Tanko ya san abin da ke ciki, sauran ba su sani ba. Ya faɗa. Ya faɗi Hamisu, da aka matsa ya faɗi wasu. Wata tsohuwa ta tashi ta ce 'yar ƙanwarta a wannan hanya ta ɓace, ta tofa masa yawu a sabuwar rigarsa. Ɗansa ya juya baya ya tafi ya tsaya a rana. Da za su tashi babu wanda ya yarda ya zauna kusa da shi, sai a kan kaya direba ya ɗora shi. Alhazan shekara mai zuwa suka kawo labarin cewa a garinsu an daina gaishe shi, yara suna binsa da waƙa, daga baya kuma muka ji bai cika shekara biyu ba ya mutu a ɗaki shi kaɗai. Na yi murna da na ji, ba zan ɓoye ba, amma bai ishe ni ba. Na taɓa tambayar Baba me ya hana shi, ya ce, "Da na harbe shi da ya huta a take, ni kuma a sare kaina ku zauna babu kowa."

Baba ya tafi kwarin, bayan mako uku ya dawo da wani dogon matashi mai kaushin hannu da ake kira Faraj, wato Hamisu. Tun shekarar da aka hana bauta yake da 'yancinsa, amma bai san wani wuri ba, yana nan yana ba dabino ruwa a gonar da ya tashi, har ya yi aure ya haihu. Hausa ta fice masa gaba ɗaya. Inna ta yi masa tuwo da miyar kuka, ya ci loma biyu don kunya. Tana yi masa magana yana murmushi yana kallona in fassara, kuma duk zamansa "ya hajja" yake ce mata, kamar yadda ake ce wa kowace tsohuwa a titi. Kwana tara ya yi ya koma wurin iyalinsa. Yakan zo da azumi, mutumin kirki ne, amma baƙo ne har iyayenmu suka rasu. Libarbobin kuwa Baba ya jefa su a teku a wata tafiya da ya yi zuwa wurinsa, ko da yake har ya mutu yana tafiya a ɗan karkace ta gefen da ya saba ɗaurawa.

Yanzu ina zaune a bene a unguwar Kudai tare da jikoki. An rushe wurin da ɗakinmu yake, dutsen ma an fasa rabinsa, in na wuce a mota ba na iya nuna inda muka shanya nama. Alhazai suna zuwa ta sama cikin 'yan sa'o'i, babu mai miƙa ɗansa ga baƙo don ƙishirwa, kuma jikokina in na ba su labarin nan da Hausa da Larabci suke tambayata ma'anar kalmomin. Ina kewar hayaniyar layin bazan da ƙarar keken Baba da la'asar. Matan da muke karatu tare suna ce min mamaci a bar shi da Ubangijinsa, ni ma na san haka. Idan na shiga Harami nakan yi wa kowa addu'a, har waɗanda suka ɓata min, sai in na zo kan suna guda in yi shiru. Na tsufa, amma ban yafe ba.