Bargon da Ya Ƙi Matsuwa

A shekarun da aka ce Nasara sun tafi an ba mu mulkin kai, ni ban san wani mulki ba sai na Iya, kakarmu ta wajen uba. A Gidan Sori muke. Lokacin ɗari, da an sauke tuwo ba ta barin wuta ta mutu. Sai ta tura karan gero a murhu, ta miƙe ƙafafu, mu kewaye ta muna ture juna. Har yau in na ji ƙaurin kara, kewarta ce ke kama ni.

Ni da ƙanwata Rabi kullum cikin faɗa muke. Ni ce babba, kuma Allah ya yi ni da riƙo. Wata rana ta karya mini ƴar tsanata, na kwana huɗu ban ce mata uffan ba. Iya ba ta tsawata mana ba. Da yamma ta zaunar da ni a damanta, Rabi a hagunta, ta ce, "Ga ta nan tahe, ku buɗe kunne. Mai hushi ma shi buɗe."

Wai wasu mata biyu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Uwarsu ta rasu ta bar musu gwado guda, saƙar hannu, mai kauri. Suka ɓata, suka daina magana. In gwadon ya kwana bakwai wurin wannan, sai ta rataya shi a danga waccan ta ɗauka. Da ya yi dauɗa, babbar ta kai shi tabki ta wanke. To, gwado in ya sha ruwa mutum ɗaya ba ya matse shi. Biyu ake yi, a fuskanci juna, kowa ya kama bakinsa ya murɗa. Ita kuwa ta rantse ba za ta kira ƙanwarta ba. Ta ba jaki baki guda, jaki ya ja shi cikin laka. Ta sake wankewa, ta ɗaura shi a reshen tsamiya, ta yi ta murɗawa. Itace ba ya sassautawa, ba ya cewa ya isa. Gwado ya yage biyu, kowane rabi bai rufe mutum ba.

"Iya, ina ƙaramar take?" in ji Rabi.

"Tana bayan sabara tun da sahe, ta ci ɗamara, tana jira a kira ta."

Na kasa haƙuri, na ce, "To mi ya hana ta hitowa?"

"Abin da ya hana waccan kira, ɗiyata."

Washegari ta ba mu nata gwadon mu wanke, mu biyu. Wajen matsewa ruwa ya fantsama mini a fuska, Rabi ta tuntsire da dariya, ni ma na yi. Shi ke nan faɗa ya ƙare.

Iya ta daɗe da rasuwa. Ni ina Maradi yanzu, gashi duk ya yi fari, amma riƙon yana nan. Shekara biyu ba na magana da Rabi saboda wata kalma da ta faɗa a bikin ɗiyata. Ana ta gaya mini jikinta ba daɗi, na kuma san kwanakin da suka rage mana ba su da yawa. Duk da haka ina jira ita ta fara.

Bara ɗana ya sayo mini injin wanki. Rannan na sa bargo, ya wanke lafiya. Da ya zo juyin matsewa sai ya hau buga kansa kamar ana daka, ya gusa daga wurinsa, ya tsaya cak. Na miƙe bututun zubar da ruwa, na sake rufe ƙofar, na kunna. Haka dai. Na aika aka kira mai gyara, ina ta mita an sayo mini rubabben kaya. Ya buɗe matatar ƙasa, ya taɓa bel, ya girgiza injin ya ga ƙafafunsa daidai suke.

"Hajiya, injinki lahiya lau," ya ce. "Bargo guda kika sa, ya dunƙule gehe ɗaya. Sai kin haɗa shi da wani abu mai nauyi su daidaita, sannan shi juya."

Ina da tawul manya a ɗaki, da na jefa biyu da an gama. Ban jefa ba. Na zauna ina kallon bargon yana ɗiga, kunya ta rufe ni. Ina ƴar shekara bakwai na ɗauka Iya wanki take koya mana. Sai da na haura saba'in na gane injin da ya tsaya ya fi ni hankali, don ni murɗawa nake ta yi.

Na ɗauki waya na kira Rabi.

"Yaya?" Muryarta ta yi rauni ƙwarai. "Lahiya?"

"Bargo ne ya ƙi matsuwa."

Sai na ji tana jan hanci.

"Hannuwana sun mutu, Yaya, ba ni iya murɗawa," ta ce. "Amma taho da shi. Riƙewa dai ina iyawa."