Benci a Ƙofar Kyamis

Ni mutum ne mai zargi, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Matata takan ce ko gaisuwa aka yi mini da fara'a sai na juya ta na duba bayanta. Amma duk wanda ya yi zaman shago a tasha ya san inda na samo halin.

A shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ina da shagon tireda a wata 'yar tasha da motocin ƙauye ke sauke fasinja kafin su shiga gari ta Ƙofar Durbi. Shagunan jeri ɗaya ne na bulo, gwamnati ta gina a filinta, mu haya muke yi. Nawa ne na biyu daga kwana. Na kan kwanar, wanda duk mai saukowa daga mota shi yake fara gani, kyamis ne.

Mai kyamis ɗin Kirista ne, mutumin kudu, amma ya daɗe a Katsina har bakinsa ya juye. In yana magana daga bayan labule sai ka rantse a Gobarau aka yanke masa cibiya. Dakta muke ce masa, duk da shi da kansa yakan ce bai taɓa leƙa ajin likitoci ba. Yana buɗewa tun kafin motar farko ta iso, yana riƙe da mutane da kyau, amma ran Lahadi ko duniya za ta taru a tashar ba za ka ga ƙeyarsa ba. Ƙofa a garƙame, kwaɗo biyu. Mun saba, har direbobi sun san in kana son maganin mura to ka saya tun Asabar.

Mu kuwa ran Juma'a ba ma kulle shago. In lokacin masallaci ya gabato, kowa zai jawo bencin da baƙinsa ke zama a kai ya gitta a bakin ƙofa, ya ɗauki dardumarsa ya wuce. Benci a gicce ma'anarsa mai shago ya tafi ibada, kuma ba a tsallaka shi. Dakta sai ya fito da kujerarsa ta roba ya zauna a tsakiyar jerin, yana karanta jarida, ido ɗaya a kan ƙofofinmu. Ba ya sayar wa kowa da kayanmu. In baƙo ya matso, cewa yake, "Sun tahi masallaci, dakata kaɗan." Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya roƙe shi wannan aiki, kuma ko ashana ba ta taɓa ɓata ba.

Ana rantsar da sababbin shugabanni aka naɗa kwamiti a kan shagunan tasha. Suka zo da manyan riguna masu sitati, suka tara mu a inuwar dalbejiya, shugabansu ya yi jawabi. Wai yanzu mulkin jama'a ne, dukiyar gwamnati ta jama'a ce, kuma tun ran da aka gina shagunan akwai sharaɗin cewa a buɗe su kowace rana ta mako saboda matafiya. Wanda ba zai iya ba ya ba da wuri. Kowa ya ce madalla. Ni dai na tsaya ina lissafi a raina: shekarun nan duk sharaɗin yana ina? Kuma a jerin nan kaf, mutum nawa ne ke rufewa yini guda cur? Mutum ɗaya ne, kuma shi ne mai shagon kwana. An ɗinka rigar ne daidai wuyansa.

Daga ranar na fara kallon kowa a karkace. Na zargi mai shayi, saboda ya taɓa cewa teburinsa ya yi masa kaɗan. Na zargi shugaban direbobi, saboda ya fara gaishe da 'yan kwamiti da hannu biyu. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙanin matata. Shi ya yi ta liƙa hotunan 'yan takara a lokacin zaɓe har muryarsa ta dushe da kirari, kuma ba a ba shi komai ba tukuna. Mutumin da sai salla-salla yake tako shagona, sai ga shi kullum da hantsi, ya zauna a bencina ya sha lemona, yana ta hira idonsa na kan ƙofar Dakta.

Ran nan ya ce, "Yaya, halan shagon wanga ya hi naka zurhi?"

Na ce, "Mi ya dame ka da zurhinshi? Rijiya za ka gina?"

Ya yi dariya ya ce tambaya ce kawai. Na ce to ya ajiye kwalbar in ya gama.

Abin da ya ƙara ɓata mini rai, ashe ni ma ana zargina. Mai shayin ne ya faɗa mini, wai ana cewa ni na kai ƙarar Dakta don in fasa bango in haɗe shaguna biyu. Na yi ta faɗa har mutane suka taru. Da na huce sai na ga faɗa ba zai wanke ni ba, kuma ba zai hana a kori mutumin ba.

Da yamma na shiga kyamis ɗin. Bayan mun gaisa, na tambayi madam da yara, na ce masa, "Dakta, ka ba ni makulli ran Lahadi. In buɗe ƙohwa in gitta benci, kamar yadda muke yi ran Juma'a. Shago shina buɗe, mai shi ya tahi ibada. In ga wanda zai ce an karya doka."

Ya yi ta juya makullan a hannu, bai miƙo ba.  Na ce a raina, wato shi ma ya ji maganar fasa bangon, kuma ya yarda.

Na ce, "In tsoro kake kar in gaje shagon, faɗi mani in tashi."

Ya ce, "Haba maƙwabci. Ba wannan ba. Na san halinka ne. Mace za ta zo da yaro jikinshi ya yi zahi, ka ce bari in taimaka, ka ɗauko abin da ba ka sani ba. Kuma in an yi ciniki da sunana ran Lahadi, to ni na yi, ko ina coci ko ina gida."

Na yi masa alkawari ko ƙwaya ɗaya ba za ta fita ba. Ya miƙo makullan. Har yau ban tabbata ko dalilin da ya faɗa shi ne dukan dalilin jinkirin nan ba.

Ran Lahadi na buɗe kyamis, na jawo bencin Dakta na gitta, na koma ƙofar shagona na zauna. Can da hantsi wani dattijo ya zo yana dafe da goshi, wai maganin ciwon kai yake so. Na dube shi sama da ƙasa. Takalminsa ba ƙura, ba kuma daga mota ya sauko ba. Na ce mai shago ya tafi ibada. Ya ce ai ga maganin can yana hangowa, in miƙo masa kawai. Na ce ba ni da iko. Ya tafi yana ƙunƙuni. Wataƙila turo shi aka yi a gwada ni, wataƙila kuma bawan Allah kansa ke ciwo da gaske. Na yini abin yana damuna.

Bai daɗe da tafiya ba sai ga shugaban kwamiti a mota, ƙanin matata na biye a kan acaɓa, wai hanya ce ta haɗa su. Shugaban ya tako har bakin kyamis ya tsaya. Ƙofa a buɗe, kwalabe a jere, fanka ma na kunna. Tsakaninsa da ciki ba komai sai benci da ko yaro zai iya tsallakawa. Na zuba wa ƙafarsa ido. Ya ɗaga ta kaɗan, ya mayar. A garin nan aka haife shi, ƙafar ta ƙi.

Ya ce, "Malam, ina mai wurin?"

Na ce, "Ya tahi ibada, Alhaji."

"Ai benci na Juma'a ne."

Na ce, "Alhaji, ni dai tun ina yaro abin da na sani, in an gitta shi mai shago na wurin Ubangijinshi. Ba a taɓa ce mani a duba kalanda ba."

Direbobin da suka matso suka yi dariya. Alhaji bai yi ba. Ya gyara hularsa ya ce zai duba maganar, ya shiga mota. Ƙanin matata ko kallona bai yi ba. Ranar na koma gida ina jin kaina, na ba matata labari har da ƙari, ita kuwa ta ce in bar saka ɗan'uwanta a abin da ban gani da idona ba.

Mun yi 'yan makonni a haka, har na fara sakin jiki. Sai kwamiti ya sake zama, aka fito da bayani: shago a buɗe shi ne wanda ake ciniki a cikinsa, kuma mai haya ne da kansa zai tsaya. Aka ba Dakta zuwa ƙarshen wata.

Na roƙe shi. Na ce ya je cocinsa da safe, in an tashi ya zo ya zauna ko na ɗan lokaci, ya sayar da filasta ɗaya a rufe bakin mutane. Ya ce ranar ba rabi ake ba da ita ba. Na ce yana da yara a makaranta. Ya ce ya sani. Na ji haushinsa ƙwarai, na ce masa taurin kai ne, na fita na bar shi. Amma ina komawa shagona na tambayi kaina, in da cewa aka yi in zauna ciniki ana huɗuba fa? Ban koma na faɗa masa haka ba, sai dai ran da zai tashi ni na kama masa kwalaye har cikin a-kori-kura. Ya sami wani ɗan shago can bayan gari, inda sai mai nema ke zuwa.

Shagon kwana aka ba wani suna da ba wanda ya taɓa ji a tashar. Makullin dai a aljihun ƙanin matata na gan shi, ya ce ajiya aka ba shi. Aka sa sabon kwaɗo, ana jiran wanda zai karɓi haya da tsada. Wata da watanni shagon na rufe, Litinin har Lahadi, kuma ban ga ɗan kwamiti ko ɗaya ya zo tambayar hakkin matafiya ba.

Juma'ar farko bayan tafiyarsa, lokaci na yi kowa ya jawo benci ya gitta kamar kullum. Mun ɗauki darduma mun fara tafiya, sai mai shayi ya waiwaya ya ce, "To, wa zai tsaya?" Muka yi cirko-cirko. Na dubi mai shayi, ya dube ni, muka dubi 'yan kamashon da ke zaune a kan bonet ɗin mota. Duk mutanen da na sani ne shekara da shekaru, amma a wata biyun nan ba wanda ban zarga ba, ba kuma wanda bai zarge ni ba.

Na koma na janye bencin na shigar da shi ciki. Ina sayar da kwaɗo, na ɓalle ɗaya daga kwalinsa, maƙwabta suka zo suka ɗauki sauran. Na jawo ƙofa na datse, na girgiza kwaɗon na ji ya kama. Tun da na fara zuwa masallacin Juma'a da ƙafata, ranar ce ta farko da na zauna a sahu liman na huɗuba ina laluba makulli a aljihu.