Hayaƙin MamCirha

A layinsu na unguwar Mdantsane, in aka ce giyar kakanni, MamCirha ake nufi. Shekara talatin tana dafa kunun giya da garin masara da tsiron dawa a tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, kuma duk gidan da za a yi bikin buɗe dutsen tunawa da aka kafa a kan kabari ita ake kira. Tana da magana ɗaya da kowa ya haddace: kakanni da hanci suke gane gidansu, giyar da ba ta sha hayaƙin itace ba kuwa ruwan wanke-wanke ce.

Ba a baki ta tsaya ba. Shekarar da aka kawo Zoleka amarya gidan da ke jikin nata, yarinyar ta dafa kununta a kan rishon lantarki. MamCirha ta sunsuna, ta ɗaga bokitin a gaban mata, ta tuntsurar da shi a kwata.

"Amarya, kakannin mijinki ba su san mitar lantarki ba," in ji ta. Mata suka kwashe da dariya. Zoleka ta ɗauki bokitinta ta wanke.

Sai ƙirji ya tasa tsohuwar a gaba. Nas ɗin asibitin unguwa ta faɗa mata ƙiri-ƙiri: ko ta rabu da hayaƙi, ko numfashi ya rabu da ita. MamCirha ta gwada risho a ɓoye, ya kasa tafasa ko rabin kunun. Daga nan ta tafi can wata unguwa inda ba a san ta ba, mai walda ya yanka mata ganga, ya dasa sandar dumama ruwa ta lantarki a gindinta. Sandar tana tafasa kunu, sai dai in ka daina juyawa ya kama ya ƙone. Ta ɓoye gangar a ɗakin kwano na bayan gida. Ranar dahuwa takan hura wuta a tsakar gida, ta ɗora tsohuwar tukunyarta cike da ruwa zalla, don layi ya ga hayaƙi. In kunu ya nuna, ta jefa garwashi ɗaya a ciki saboda ƙamshi. Shekara biyu tana haka, kullum in an yaba mata sai ta ji kamar an kama ta da kayan sata.

Ranar da take dafa giyar buɗe dutsen kabarin marigayi mijinta, da hantsi, aka ɗauke wuta. Kunu bai ko fara tafasa ba. In ya huce a haka zai lalace, ga dangi an riga an gayyato daga ƙauye. Tana tsaye da muciya a hannu, ta ji muryar Zoleka a tsakar gida.

"Mama, a san mini garwashi, duk layin nan ke kaɗai ce mai wuta!"

Kafin ta fito, Zoleka ta riga ta ɗaga murfin tukunyar. Ruwa ne garau, har ana ganin gindi. Idonta ya bi igiyar lantarkin da ta kwanta ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin kwano, ya dawo kan tsohuwar. MamCirha ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige.

"Faɗi abin da ke bakinki," in ji ta. "Na ci bashinki, ai na sani."

"Mama, koma can inda iska ba ta kai hayaƙi. Ina bokiti?"

Zoleka ta zubar da ruwan, ta yi ta kwaso kunu daga gangar zuwa tukunya. Ta ƙara itace, ta juya har idanunta suka yi jajur, hawaye na zuba. MamCirha na zaune kan kujera tana kallo. Da matar ta zage ta, da ya fi mata sauƙi.

Giya ta tashi kamar yadda ake so. Ranar taro, bayan an zuba wa kakanni nasu a ƙasa, yayan mijin MamCirha, Tata Gcinumzi, ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Yawwa! Kun ji hayaƙi? Hannun MamCirha ke nan." Ya hango Zoleka tana raba kofuna. "Ke, 'yar lantarki, zo ki ɗanɗana, ko kya koyi yadda mata ke dafa giya."

Aka yi dariya, irin ta wancan karon. Zoleka ta durƙusa, ta karɓa da hannu biyu, ta sha, ta ce, "Na gode, Tata."

MamCirha ta buɗe baki. Maganar cewa hannun Zoleka ne tana nan a kan harshenta, guntuwa ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Sai tari ya taso mata. Na gaske ne da farko, amma ya lafa da wuri. Ita ce ta ci gaba da yin sa, kai a sunkuye, har aka sake zance. Zoleka ce ta kawo mata ruwa.