Muryar Noelene

Lindsay Trevorrow makanikin motocin bas ne a Adelaide har ya yi ritaya, amma ba da bas aka san shi ba. Da wani fim aka san shi mai suna Ragon Wata. Fim ɗin kuwa, a faɗi gaskiya, shirme ne tsagwaronsa: wasu halittu sun sauko daga sama sun sace wa makiyayi tumaki, ga igiyar da aka rataye jirginsu da ita kowa yana gani. Ko mako bai yi a silima ba aka tattara shi.

Sai dai Noelene tana ciki. Lokacin budurwarsa ce, tana sayar da shayi kusa da inda ake ɗauka, darakta ya yafito ta. Ta ajiye wa jarumin kofi ta ce, "Sha shayinka tukuna, tumakin za su jira." Iyakar rawarta ke nan.

Bayan aurensu Lindsay ya yi ta naci har Stavroula, mai tsohuwar silimar unguwarsu, ta sayi faifan fim ɗin, wanda shi kaɗai ya rage a duniya. Aka sa masa yammacin Lahadin farko na kowane wata. Da fari su biyu ne sai abokansa na gareji. Don tsokana, yana ganin Noelene ta fito a majigi sai ya miƙe da kofi a hannu ya kwarara maganar tata da ƙarfi. Ta mintsine shi, abokai suka tuntsire da dariya, wata na gaba kowa ya zo da kofinsa. Ɗalibai suka ji labari suka cika wurin. Suka fara yafa fatar tumaki, suna kiran kansu Garke, wanda bai zo da kofi ba ana yi masa kallon baƙo. Shekara talatin ana wannan hauka, 'ya'yan na farko har sun gaji kujerun iyayensu.

A hunturun bara Noelene ta rasu. Lindsay ya birkice gida kaf. Hotuna tuli, amma in ban da fim ɗin, babu inda aka taɓa naɗar muryarta. Kuma ya fara manta yadda take magana. Wallahi wannan ya fi mutuwar kanta ci masa rai.

Ranar Lahadi, kafin a kashe fitila, ya tsaya gaban majigi.

"Jama'a, alfarma nake roƙo. In an zo wurin shayi, kowa ya yi shiru."

"Kai tsoho!" in ji Warrick, wani ƙato mai ƙahon roba a ka. "Kai ka koya mana, yau kuma za ka ɗaure mana baki? Ko giya ce ta safe?"

"Muryarta nake so in ji," in ji Lindsay.

Warrick ya cire ƙahonsa ya zauna. Babu wanda ya sake tari.

Aka zo wurin. Ga Noelene, yarinya ɗanya, da tire a hannu. Ta ajiye kofi, ta ɗago kai, leɓunanta suka motsa. Abin da ya fito shuuu ne kawai, irin na rediyon da ya rasa tasha. Sai muryar jarumin ta dawo tangaram, fim ya ci gaba.

Stavroula ta haura ɗakin na'ura da gudu. Da ta sauko ta durƙusa gefen kujerarsa.

"Sautin wurin ya goge, Lindsay. Da ganinsa ya daɗe. Ban san tun yaushe ba, wa ya taɓa saurara?"

"A maido baya mana."

"Ko sau ɗari aka maido, babu."

Lindsay ya runtse ido ya yi ta laluben maganar a ransa, ko za ta zo da muryarta. Ta zo kuwa, kalma bayan kalma, babu wadda ta ɓace. Amma da tasa muryar ta zo, yana ihu.