Ranar Da Gwaggo Ta Yi Wa Kwamfutarta Ƙaura

Jama'a, a gyara zama, a rage rediyo! Ga Gwaggo Mai Buga Takardu, sarauniyar shago mai fanka ɗaya, wadda ko ɓera ba ya ƙetare wayoyinta sai da izini.

Kwamfutarta marigayi mijinta ne ya haɗa, ya ɗora mata manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Shi ya koya mata cewa cikin na'ura gida ne: ga zaure, ga ɗakin ajiya, ga ɗakin kayan aiki. A ɗakin kayan aikin ya ajiye wani ɗan umarni da ya rubuta da kansa. Duk safiya in ta kunna, sai baƙin allon ya tambaye ta: "Kin karya kuwa?"

Shekara da shekaru tana amsawa ƙasa-ƙasa, "Na karya, Malam," sannan ta ja kujera.

Sai masu manhajar suka sanar cewa tsohon tsari ya ƙare. Za a haɗe ɗakunan wuri guda, a bar alama a kowace tsohuwar ƙofa mai nuna sabuwa. Gwaggo ta toshe kunne. Umarnin Malam ba a san da shi ba, wa zai tuna ya ɗauko shi? Haka ta zauna har ta sayi sabuwar firinta, firinta ta ce ba ta san wannan tsohon gida ba. Ɗalibai suka fara wucewa shagon gaba da takardunsu.

Ɗan wanta, mai bakin nan da ke ba ku labari, ya ce, "Gwaggo, goge komai mana, a zuba sabo!"

"Kai ma da za a goge ka a zuba sabo, da uwarka ta huta."

Ta kwafe komai a faifan ajiya tukuna. Ta lallaɓa ta ɗauki ɗan umarnin da hannunta, kamar mai ɗaukar jariri yana barci, ta kai shi sabon ɗaki. Sannan ta danna maɓalli, ƙaura zuwa sabon tsari ta fara.

Rubutu ya dinga gangarowa a allo kamar ruwa a jikin taga. Fanka na juyawa a kasalance. Gwaggo ta yi tagumi, a zuci tana ganin Malam da singileti yana jigilar kwalaye daga ɗaki zuwa ɗaki, yana waiwaye, yana tambayar inda za a ajiye wannan.

Da rubutu ya tsaya, ta kashe, ta kunna. Allo ya yi baƙi, ya daɗe a baƙin. Can sai ga shi, fari tas: "Kin karya kuwa?"

Ɗan wan ya daka tsalle. "Tarihi! Gwaggo, yau kin ƙaurar da gari guda ko cokali bai ɓata ba! Sai na rubuta ki duniya ta karanta!"

Ba ta ko dube shi ba.

"Ka taka min wayar firinta. Kuma ban karya ba, je ka sayo burodi."