Hannun da Ba Ya Ƙoshi

Yau aka kafa sabon robot a ma'aikatarmu ta Wendover. Warin girisinsa ya tuno min Baba, dattijon da ya koya min aiki. Yakan ce masu ƙera robot da na waldar motoci suka fara, kowanne cikin keji.

Wata rana bakin mayafina ya zura ta ragar kejin tsohon robot ɗinmu. Baba ya fizgo ni. "'Yata, soke shi cikin riga! Zaki idan ya ƙoshi yana ƙyale mutum, wannan hannun ƙarfen ba ya ƙoshi."

Sabon ba shi da keji. Wai yana ganinmu, zai tsaya. Gabana sai faɗuwa yake, babu mai fizgo ni.

Allah Ya haskaka kabarinka, Baba, Ya mayar da ni wurin 'ya'yana lafiya.